Kafin Ki Kawo Yaran Ganin Ganuwa

Tasalla, saƙonki ya iso,
wai za ki kawo yaran hutu
su ga ganuwar Zariya da idonsu,
ba a shafin littafin makaranta ba.
To, ga abin da kawunki ya sani.

Ku fito da sanyin safiya,
tun mai koko ba ta kife ƙwarya ba.
In hantsi ya dubi ludayi
jar ƙasar nan huci take yi,
yaro kuwa ba ya ganin tarihi da ƙishirwa.
Riƙo ruwa a gora. Riƙo 'yan canji.
Ki gama ciniki da mai keke
tun ƙafarki tana ƙasa.
Takalmin nan naki mai tsini, bar shi a gida,
hanyar Ƙofar Gayan ba ruwanta da kwalliya.

A bakin ƙofa za ku tarar da dattijo a kan benci
yana gyangyaɗi, ko yana kamar yi.
Gaishe shi kafin ki zaro waya.
Tambayi gida, tambayi gajiya, ki jira amsa.
Sallama ce tikitin wurin nan.
Bango ba ya gudu, zai jira hotonki,
amma mutum yakan ji ciwo
in an ɗauke shi kamar shi ma kango ne.

Kada Ɗanlami ya hau. Na san halin ƙafarsa.
Ƙasa ce, ba dutse ba,
kowace dunduniya da abin da take gutsira.
Kada ya zura hannu a rami,
kunama ta riga shi kama haya.
In kin ga ya tsinci ƙusa zai zana sunansa, karɓe.
Dubban da suka cura tubalin nan
babu wanda ya bar suna,
sai sawun yatsu, in kin sunkuya kin duba.

Tsohon masallaci, ba ranar Juma'a ba.
Ku nemi izini, ku tuɓe takalma, ki ja mayafi,
ku bar surutu tare da takalman.
Sannan ku ɗaga kai ku dubi bakan gizo
har wuya ya gaji.

Wani saurayi zai bi ku da labari,
baki kamar ganga.
Ba shi na goro. Raba labarin biyu, riƙe rabi.
Kufena kuwa ku bar wa gobe,
in an kwana da ruwa ku bar wa jibi.

Saura abu ɗaya.

Akwai inda ganuwar ta yanke,
sai gidajen bulo da rumfar mai faci.
Yaran za su tsaya su ce, ina sauran?
Kada ki ɗora wa damina duka.
Ta ci nata, ba na musu.
Amma shekarar da ɗakin mahaifiyarki ya rufta,
tana da cikinki wata bakwai,
ni ne na ari jakin Malam Shekarau.
Dare uku. Mangala goma sha biyu.
Ban taɓa gaya wa kowa ba,
jakin ma ya riƙe amana har ya mutu.

Tun daga nan ba na bin ta gefen.
Shi ya sa ba zan raka ku ba,
ba ciwon gwiwa ba ne, kamar yadda na ce a waya.

In kun gama zagaye ku biyo gida, akwai tuwo.
Ki kai su ɗakin da aka yanke miki cibiya,
su ɗora tafin hannu a bangon gabas.
Nan ma ba a hawa, ba a zane.
Amma shi kam, ana jingina.